Filin Tambaya da Amsa: Alƙaluma Nawa Ne a Cikin 2^100?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu guda, wato yadda ake sanin tsawon adadin da ya fi ƙarfin rubutawa. Saboda sauƙin bugawa, idan muka rubuta 2^100 muna nufin a jera 2 sau ɗari a ninka su. Za mu kira 2 ɗin tushe, 100 ɗin kuma lambar sama. Alƙalami shi ne kowane ɗaya daga 0 zuwa 9, don haka 1024 adadi ne mai alƙaluma huɗu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. An tambaye mu a aji alƙaluma nawa ne a cikin 2^100, aka ba mu log 2 = 0.3010. Malaminmu ya ninka da 100, ya samu 30.10, sai ya ce amsar 31 ce. Na haddace, amma ban san daga ina ɗayan nan ya fito ba. (Ɗalibin sakandare, Gusau)

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Ka yi daidai da ba ka tsaya a hadda ba. Log na adadi yana gaya maka lambar saman da za ka ɗora wa 10 kafin ka samu wannan adadin. Log 100 shi ne 2 domin 10^2 = 100. Log 1000 shi ne 3. To dubi tsawonsu: 100 alƙaluma uku ne alhali log ɗinsa 2, 1000 alƙaluma huɗu ne alhali log ɗinsa 3. Log sifilai yake ƙirgawa, ya bar 1 ɗin da ke jan gaba. Ɗayan da malaminku ya ƙara ke nan.

Duk adadin da ke tsakanin 100 da 999 log ɗinsa biyu ne da 'yan kai: log 100 = 2, log 500 = 2.699, log 999 = 2.9996. Ana shiga 1000 sai ya zama 3 cif, tsawon adadin ya ƙaru da ɗaya. Ke nan abin da ke hagun ɗigo shi kaɗai ke faɗin tsawo. A littattafanku shi ake kira karakteristik, abin da ke daman ɗigo kuma mantisa.

Sai doka ta biyu, wadda ita ce ke sauke lambar sama ƙasa: log na a^n daidai yake da n sau log a. Da ita 2^100 ya koma 100 × 0.30103 = 30.103. Ma'anarsa adadin ya wuce 10^30 amma bai kai 10^31 ba. Shi 10^30 kansa 1 ne da sifili talatin, alƙaluma 31. Ga adadin nan a rubuce, ka sa yatsa ka ƙirga: 1,267,650,600,228,229,401,496,703,205,376. Rukuni goma masu uku-uku, da 1 a gaba.

Aikin dai shi ne ka nemo log na tushe, ka ninka da lambar sama, ka yar da duk abin da ke bayan ɗigo, ka ƙara ɗaya. Inda ɗalibai suka fi zamewa shi ne wurin yarwar. Ɗauki 3^100. Log 3 = 0.47712, sau ɗari 47.712. Hannu ya saba da cika adadi zuwa mafi kusa, sai yaro ya mayar da shi 48, ya ƙara ɗaya, ya rubuta 49. Amsar 48 ce. Ko da 47.999 ka samu, 47 za ka ɗauka. Wasu kuma sukan ce ai gajeriyar hanya ita ce a cika zuwa sama kawai, a huta da ƙarin ɗaya. Tana aiki har ranar da log ya fito cif ba saura: 10^6 log ɗinsa 6, babu abin cikawa, sai ka ce shida, alhali miliyan alƙaluma bakwai ce.

Ka gwada hannunka da tsohon lissafin nan na allon shaɗaranji (wasan chess), inda ake sa ƙwayar hatsi ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, har gida na 64. Jimillar ita ce 2^64 a ɗebe 1. Masanin nan al-Biruni ya fitar da ita kimanin shekara dubu da suka wuce, tun kafin a ƙirƙiro log. Kai a yau 64 × 0.30103 = 19.266, alƙaluma 20 ke nan: 18,446,744,073,709,551,615.

TAMBAYA: Ina koyar da lissafi. Na ba ɗalibaina 2^196. Masu aiki da teburin log mai gurbi huɗu sun samu 59, masu kalkuleta sun samu 60, kuma na duba aikin kowa ban ga kuskure ba. Wa zan ba maki? (Malama, Zariya)

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari. Masu 60 ne suka dace da gaskiya, amma masu 59 ba su yi laifi ba. Teburin ne bai isa wannan tambayar ba.

Log 2 ba 0.3010 ba ne. Shi ne 0.30102999566 da sauran alƙaluma marasa iyaka. Teburin da ake shiga jarrabawar WAEC da NECO da shi ya datse shi a gurbi huɗu, ya zubar da kusan 0.00003. Wannan ɗan abin ba ya damun kowa idan ninka 23.7 da 4.18 ake yi. Amma a nan ana ninka log ɗin da lambar sama, kuma kuskuren ma ana ninka shi tare. Sau 196, ɓarar ta kai wajen 0.006. Ga lissafin biyu gefe da gefe:

196 × 0.3010 = 58.996
196 × 0.30102999566 = 59.00188

Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ɗaya ba, amma ya faɗo daidai kan iyaka. Ɗaya yana ƙasa da 59, ɗaya yana sama. Ainihin 2^196 kusan 1.0043 × 10^59 ne, wato da ƙyar ya tsallaka ya shiga gidan masu alƙaluma 60.

Kada a ɗauka ƙara gurbi ɗaya ya kashe maganar. 0.30103 da kowa ya haddace ya ɗan zarce gaskiya, don an cika shi ne zuwa sama. A gwada 2^100000. Da 0.30103 za a samu 30103.0, a ce alƙaluma 30,104. Da cikakken log ɗin kuwa 30102.99957 ne, alƙaluma 30,103. Teburi mai gurbi huɗu zai ce 30,101. Amsa uku daga tambaya ɗaya, kuma kowa ya bi doka.

Maganin da muke ba da shawara shi ne a kama amsar tsakanin katanga biyu. Idan tebur ya ce 0.3010, abin da yake nufi shi ne gaskiyar tana tsakanin 0.30095 da 0.30105. A ninka kowanne da lambar sama. Na 2^100 za a samu 30.095 da 30.105, dukansu talatin da wani abu, don haka 31 ta tabbata, teburin ya wadatar. Na 2^196 za a samu 58.986 da 59.006. Katangun sun raba gari, ke nan teburin ba shi da bakin magana a nan, sai a nemo log mai tsawo. Ko gurbi biyar ba su raba gardamar ba idan datsewa aka yi, don 0.30102 × 196 = 58.99992. Sai a gurbi na shida ne 0.301029 ya ba da 59.00168, 0.301030 ya ba da 59.00188, suka haɗu a kan 59.

A matsayin ma'aunin yau da kullum, a ƙirga alƙaluman lambar sama, a ƙara uku, a ɗauki log mai gurbi aƙalla haka. Lambar sama mai alƙaluma uku tana son gurbi shida. Sannan a dubi abin da ya fito bayan ɗigo. Idan ya fara da .99 ko .00, kada a yarda da shi sai an ƙara gurabe.

Game da maki, ra'ayinmu shi ne idan takardar tambaya ce ta ce a yi amfani da 0.3010, to wanda ya rubuta 59 ya bi umarni, a ba shi makinsa, sannan a nuna wa ajin dalilin saɓanin a kan allo. Wannan darasin ya fi tambayar kanta amfani. A gaba kuma, kafin a ba da irin wannan aiki, mai tsara tambaya ya fara gwada ta da kalkuleta, ya kauce wa lambobin da ke bakin iyaka irin 196.

Akwai wata dabara ta lissafi da ka da ake yawan yi, cewa 2^10 = 1024 kusan dubu ne, don haka kowane ninki goma na 2 yana ƙara alƙaluma uku. Wannan daidai yake da ɗaukar log 2 a matsayin 0.3. Tana ba da amsa daidai tun daga 2^1 har 2^102. A 2^103 take fara faɗuwa: ita ta ce 30.9, alƙaluma 31, gaskiya kuwa 31.006, alƙaluma 32. Ashirin da huɗun nan da ake rainawa a kan dubu su ne suka taru.

TAMBAYA: Na bi matakan a wayata, 2^100 ya ba ni 69,31. Ina matsalar take? (Ɗaliba, Maraɗi)

AMSA: 'Yata, maɓallin ln kika danna. Shi log ne mai tushe e, wato 2,718 da 'yan kai (mun bi ki da waƙafi kamar yadda ake rubutawa a makarantun Nijar, a Najeriya ɗigo ake sawa). Ƙirgen alƙaluma yana bukatar tushe 10, domin da goma-goma muke rubuta adadi. Idan ln kaɗai gare ki, raba abin da kika samu da ln 10, wato 2,302585. 69,31 a raba da 2,302585 ya ba da 30,10, kin dawo hanya. Gwaji mai sauƙi kafin ki amince da kowace na'ura: nemi log 100. In ta ce 2, tushe goma ne. In ta ce 4,605, ln ne ko da an rubuta log a jikin maɓallin.

TAMBAYA: Tunda log yana faɗin tsawon adadi, zai iya faɗin alƙaluman da kansu? Misali da me 7^50 ya fara, da me ya ƙare? (Mai karatu, Kaduna)

AMSA: Farkon, e. Ƙarshen, a'a.

Mantisar da muka yar ɗazu ita ke riƙe da alƙaluman farko. Log 7 = 0.84509804, sau 50 ya zama 42.254902. Arba'in da biyun ya ce alƙaluma 43. Sauran 0.254902 kuma sai a nemi antilog ɗinsa, wato 10^0.254902, wanda ya ba da 1.798. Don haka 7^50 kusan 1.798 × 10^42 ne, ya fara da 1798. A gwada da 2^100 da muka rubuta a sama: antilog na 0.103 shi ne 1.2677, adadin kuma ya fara da 12676. Yawan alƙaluman farkon da za ka amince da su ya danganta da tsawon log ɗin da ka shigar. Idan gurbi uku kaɗai ne sahihai a mantisa bayan ninkawa, kada ka yi rantsuwa a kan fiye da alƙaluma biyu.

Alƙalamin ƙarshe kuwa ba ruwan log da shi, don log kimantawa yake yi daga kai, wutsiyar ta yi masa nisa. Hanyarsa daban ce. Ka bi ƙarshen ninkin 7: 7, 49, 343, 2401, wato 7, 9, 3, 1, daga nan ya sake zagayowa. Zagayen huɗu-huɗu ne. 50 a raba da 4 saura 2, na biyu a jerin kuma 9 ne. Ke nan 7^50 ya fara da 1, ya ƙare da 9, da alƙaluma 41 a tsakani.

TAMBAYA: Yanzu da kwamfuta ta zo, me ya sa za a wahala da log? Ba sai a buga adadin a ƙirga ba? Kuma na ji an ce an gano wani adadi mai alƙaluma sama da miliyan 41, wa ya zauna ya ƙirga su? (Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Kano)

AMSA: Ɗan'uwa, gwada ka gani. Kalkuletar kimiyya irin Casio da ɗalibai ke riƙewa tana tsayawa ne kafin 10^100. Za ta ba ka 2^332, amma 2^333 sai ta rubuta maka "Math ERROR", domin 333 × 0.30103 = 100.24. Excel ya fi ta nisa, yana kaiwa wajen 1.8 × 10^308, don haka 2^1023 zai fito, 2^1024 kuwa "#NUM!" za ka gani. Ko a ƙasa da haka alƙaluma 15 na farko kaɗai yake riƙewa, sauran sifilai yake jera maka.

Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, yana iya riƙe cikakken adadi komai tsawonsa, kuma len(str(2**1000)) zai ba ka 302. Amma daga siga ta 3.11 an sa iyaka: mayar da adadin da ya wuce alƙaluma 4,300 zuwa rubutu yana jawo kuskure, sai ka ɗaga iyakar da sys.set_int_max_str_digits. Ka kuma kula cewa math.log a can ln ne, math.log10 kake so. Shi ma yana da nasa ramin. Ba shi tara goma sha biyar a jere, 999999999999999, zai ce maka 15.0 cif, domin ainihin amsar ta matso 15 fiye da yadda na'urar ke iya bambancewa. Ka ƙara ɗaya ka samu 16, alhali alƙaluma 15 ne a gabanka. Matsalar bakin iyaka ce dai irin ta teburin Malama ta Zariya, ta sake ɓullowa a gurbi na goma sha shida.

Adadin da ka ji labari shi ne 2^136,279,841 a ɗebe 1. Luke Durant ne ya gano shi a watan Oktoba na 2024 a ƙarƙashin GIMPS, shirin 'yan sa-kai masu neman irin waɗannan adadi da kwamfuta, kuma a lokacin ya zama mafi girma da aka sani cikin adadin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Ba wanda ya bukaci ƙirgawa. Lambar saman tana da alƙaluma tara, don haka a ɗauki log mai gurbi goma sha biyu ko fiye: 136,279,841 × 0.30102999566398 = 41,024,319.945. A yar da saura, a ƙara ɗaya: 41,024,320. Antilog na 0.945 kuma ya nuna ya fara da 88. Da 0.30103 aka yi aiki da an samu 41,024,321, an yi ƙari da ɗaya. Da teburi mai gurbi huɗu ne da an yi ragi da alƙaluma sama da dubu huɗu. In mutum zai rubuta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa ba barci ba hutu, sai ya shafe kwana 475 kafin ya gama.

Mai lura zai ce to ɗayan da aka ɗebe fa, ba zai rage tsawon ba? Ɗebe 1 yana rage tsawo ne kawai idan adadin 1 ne da sifilai, kamar 1000 ya koma 999. Ninkin 2 kuwa kullum da 2, 4, 6 ko 8 yake ƙarewa, ba ya taɓa ƙarewa da sifili, saboda babu 5 a cikinsa. Tsawon yana nan yadda yake.

A fanninka za ka yi ta cin karo da wannan lissafin. Adireshin intanet na IPv6 guda 2^128 ne, 128 × 0.30103 = 38.53, alƙaluma 39. Mabuɗin sirri na RSA mai bit 2048, wato alƙaluma 2048 a rubutun 0 da 1, yana tsakanin 2^2047 da 2^2048, log ɗinsu 616.21 da 616.51, duka biyun alƙaluma 617. In kuma tsawon adadi kake nema a rubutun 0 da 1, dokar ba ta canja ba, tushen log ɗin ne kawai zai koma 2.

TAMBAYA: An ce John Napier ne ya ƙirƙiro log, wani kuma ya ce mini daga sunan al-Khwarizmi kalmar ta fito. Wanne ne? (Mai karatu, Sakkwato)

AMSA: An haɗa maka kalmomi biyu masu kama a kunne. Wadda ta fito daga sunan al-Khwarizmi ita ce algoridim, wato jerin matakan warware matsala. Logaridim kuwa, wato cikakken sunan log, Napier, mutumin Sikotland, ya haɗa ta daga kalmomin Girkanci biyu, ya kuma wallafa aikinsa a 1614. Log mai tushe 10 da muke ƙirga alƙaluma da shi aikin Henry Briggs ne na Ingila, wanda ya fitar da babban teburinsa a 1624 da gurbi goma sha huɗu. Da teburin Briggs ɗaliban Zariya suka riƙe, da ba a yi gardamar 59 da 60 ba.

TAMBAYA: Uku nake da su a taƙaice: 8^12 × 5^30, sai 0.5^100, sai kuma 9^9^9. (Malamin darasin yamma, Bauci)

AMSA: Malam, na farko ba ya bukatar log. 8^12 shi ne 2^36. Haɗa 2 talatin da 5 talatin su ba ka 10^30, saura 2^6 = 64. Wato 64 da sifili talatin, alƙaluma 32. Duk inda ka ga 2 da 5 tare, fara aurar da su kafin ka buɗe tebur. Daga nan ne ma wani abin sha'awa ke fitowa: tsawon 2^n da na 5^n in an tara kullum n + 1 ne. 2^100 yana da 31, 5^100 yana da 70.

Na biyu adadi ne ƙasa da ɗaya, don haka tambayar ta juya ta zama sifili nawa ne bayan ɗigo kafin alƙalamin farko. Log 0.5 = −0.30103, sau ɗari −30.103. A nan ake kuskuren ɗaukar .103 a matsayin mantisa. Mantisa ba ta zama ƙasa da sifili, sai a rubuta −31 + 0.897, abin da littafi ke nunawa da 31 mai sanda a ka. Antilog na 0.897 shi ne 7.89. Adadin kusan 7.89 × 10^−31 ne: ɗigo, sifili talatin, sannan 788.

Na uku ya danganta da inda aka fara. Ƙa'ida ita ce daga sama ake saukowa. 9^9 = 387,420,489, shi ne lambar sama. Tana da alƙaluma tara, don haka log 9 mai tsawo ake so, 0.954242509439. In an ninka za a samu 369,693,099.63, alƙaluma 369,693,100 ke nan. Wanda ya fara daga ƙasa, ya ɗauki 9^9 ya ɗora masa 9, 9^81 kawai ya lissafa: 81 × 0.95424 = 77.29, alƙaluma 78, abin da layi biyu na littafin rubutu zai ɗauke.